Tsakanin Lafiya da Hauka Akwai Fili Mai Faɗi: Sharhi Kan Kula da Lafiyar Ƙwaƙwalwa

Akwai wani irin majinyaci da ma'aikatan asibiti a Kano da Sakkwato da Maraɗi suka saba gani. Yakan zo da ciwon kai da ya ƙi jin magani, da zafi a tsakar ka, da faɗuwar gaba, da wani abu da yake jin yana yawo a jikinsa kamar kiyashi. An gwada zazzaɓin cizon sauro, an gwada taifot, an auna jini, ba a ga komai ba. Ya sha maganin olsa har ya gaji. Da za a tambaye shi yadda yake barci, ko yaushe rabonsa da jin daɗin wani abu a duniya, da an kama bakin zaren. Amma ranar da likita ya ce masa ya je sashen masu lalurar ƙwaƙwalwa, amsarsa ɗaya ce: "Likita, ni fa ba mahaukaci ba ne."

Gaskiya ya faɗa, ba mahaukaci ba ne. Ba shi da lafiya ne kawai. Ruɗanin da ke cikin wannan amsa tasa shi ne ya hana dubban mutane samun taimakon da ke kusa da su.

Me kalmomin ke nufi?

A bakin yawancin jama'a, mutum ko dai lafiyarsa ƙalau, ko kuma ya haukace. Hauka kuwa hotonsa sananne ne: mutum cikin tsumma a bakin kasuwa, yana surutai shi kaɗai, yara suna binsa. Saboda wannan hoto ne ya cika ido, duk abin da bai kai nan ba sai a ɗauka ba ciwo ba ne. Sai a kira shi lalaci, ko miskilanci, ko raunin imani, ko shagwaɓa.

Lafiyar ƙwaƙwalwa, a ma'anar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba ta, yanayi ne da mutum zai iya ɗaukar nauyin rayuwa na yau da kullum, ya yi amfani da basirarsa, ya koyi abu, ya yi aikinsa, ya kuma amfani jama'arsa. Wato kowa yana da ita, kamar yadda kowa ke da hawa da saukar jini. Takan yi ƙarfi, takan yi rauni, ana kuma iya kula da ita tun kafin ta lalace.

Cututtukan da ke taɓa ta iri-iri ne. Ɗaya daga cikin waɗanda suka fi yawa a idon likitoci shi ne ciwon tsananin damuwa, wanda ake kira difireshan. Ya bambanta da baƙin cikin da kowa ke shiga in an yi masa rasuwa ko ya yi asara. Alamarsa ita ce ƙuncin rai ko mutuwar sha'awar komai, kusan kullum, har mako 2 ko fiye, tare da lalacewar barci da cin abinci, kasala, da jin cewa mutum ba shi da wani amfani. Akwai ciwon fargaba, inda zullumi ke zama wa mutum riga ba tare da wani dalili da ya kai haka ba, zuciya na bugawa, hannu na gumi. Akwai ciwon firgici bayan masifa, wanda ke kama wanda ya ga tashin hankali da idonsa, abin ya riƙa dawo masa a mafarki da a farke. Akwai baifola, mai kai mutum ƙololuwar kuzari da ɓarnar kuɗi da rashin barci, sannan ya jefo shi ramin baƙin ciki. Sai sikizofireniya, wadda ke sa mutum jin muryoyin da babu su ko gaskata abin da ba shi da tushe. Ita da ire-irenta ne jama'a ke kira taɓin hankali, kuma su ne mafi ƙarancin yawa.

Farfaɗiya kuwa, da ake yawan cusa ta cikin wannan layi, cuta ce ta jijiyoyin ƙwaƙwalwa. Ba hauka ba ce, kuma ba a ɗaukarta ta yawu ko ta taɓa mai ita.

Girman al'amarin

Ƙididdigar Hukumar Lafiya ta Duniya ta nuna cewa a 2019 mutum 1 cikin kowane 8 a duniya, kimanin miliyan 970, yana ɗauke da wata lalurar ƙwaƙwalwa. Wajen miliyan 280 daga ciki masu tsananin damuwa ne, miliyan 301 masu fargaba. A shekarar farko ta annobar korona waɗannan biyun sun ƙaru da kusan kashi 25 cikin 100. Fiye da mutum 700,000 ne ke kashe kansu a kowace shekara.

A Najeriya, binciken da Farfesa Oye Gureje na Jami'ar Ibadan ya jagoranta a farkon shekarun 2000 ya gano cewa a cikin masu lalura mai tsanani, waɗanda suka samu wani magani a shekarar da ta gabaci binciken ba su kai 1 cikin 10 ba. Ƙwararrun likitocin wannan fanni ba su kai 300 ba a ƙasar da ta haura mutum miliyan 200, yawancinsu suna manyan birane, wasu kuma kullum suna tattara kayansu zuwa Ingila da Saudiyya da Kanada.

Daga ina ciwon ke tasowa?

Da wuya a samu dalili guda. Gado yana da hannu, musamman a baifola da sikizofireniya, amma gado ba hukunci ba ne. Da yawa sun fito daga gidan da ake da ciwon kuma ba su taɓa yin sa ba. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma abin da ke tsaga bangon galibi rayuwa ce.

Jiki yana da hanyar da yake bi in ya hango haɗari. Yakan saki wasu sinadarai, irin su adirenalin da kotisol, bugun zuciya ya ƙaru, tsoka ta ɗaure, barci ya gudu, domin mutum ya tsere ko ya kare kansa. An yi wannan shiri ne don haɗarin minti kaɗan. Idan haɗarin ya zama na wata da watanni, shirin da ke ceton rai sai ya koma cin rai. Manomin Zamfara ko Katsina da ke kwana da kunne ɗaya a buɗe saboda 'yan bindiga, da iyalin da suka sayar da gona don biyan kuɗin fansa, da waɗanda suka tsallaka zuwa jihar Maraɗi neman mafaka, da fiye da mutum miliyan 2 da rikicin Boko Haram ya raba da gidajensu tun 2009, duk jikinsu a kunne yake ba dare ba rana. Wanda aka sako daga daji akan yi masa barka, a yi sadaka, a watse. Ba kasafai ake komawa bayan wata uku a tambaye shi ko yana iya rintsawa ba.

Tsadar rayuwa ma haka take aiki, sai dai a hankali. Bayan cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, hauhawar farashi a Najeriya ta haura kashi 34 cikin 100 a ƙarshen 2024. Magidancin da ya fita da asuba ya dawo ba cefane, ba zai ce yana da damuwa ba. Zai zama mai faɗa a gida, ko ya daina dawowa sai dare ya raba.

Mata suna da nasu kason, kuma ya fi nauyi: tsananin damuwa ya fi kama mata fiye da maza a kusan ko'ina a duniya. Lokacin jego na musamman ne. A ƙasashe masu tasowa kusan mace 1 cikin 5 kan shiga damuwa bayan haihuwa. Maijegon da ke kuka ba dalili, ta kasa jin ɗanta a ranta, tana ganin kamar ba za ta iya riƙe shi ba, ba muguwar uwa ba ce. Akwai kuma nau'i mai tsanani da ke kama mace 1 ko 2 cikin 1,000, inda take rikicewa cikin kwanakin farko, kuma wannan na gaggawa ne kamar zubar jini. Al'adar tafiya gida wankan jego, inda uwa da gwaggo ke ɗauke wa yarinya aiki har kwana 40, kariya ce babba da kakanni suka tanada ko da ba su kira ta da sunan likitanci ba. Yanzu da aure ke kai mace Abuja ko Legas, ta haihu daga ita sai miji mai fita aiki, ana rasa wannan kariya ba tare da an maye gurbinta da komai ba.

Sai ƙwaya. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi a 2018 ya ƙiyasta cewa 'yan Najeriya miliyan 14.3 masu shekara 15 zuwa 64 sun yi ta'ammali da su a cikin shekara guda. A watan Mayun 2018 gwamnati ta haramta sarrafa maganin tari mai kodin da shigo da shi. Alaƙar ƙwaya da lalurar ƙwaƙwalwa ta fuska biyu ce: wiwi mai yawa tun ƙuruciya yana ƙara haɗarin taɓin hankali, sannan da yawa daga masu shan tiramol da kodin, har da matan aure a cikin gidaje, sun fara ne don su kashe wata damuwa da ba wanda ya saurara.

Aljani ne ko cuta?

Nan ne muhawarar ta fi zafi. Idan yarinya ta faɗi tana magana da wata murya, ko saurayi ya fara cewa ana binsa, abin da ke fara zuwa zukatan dangi shi ne iska, ko sammu, ko jifa. Za a nufi mai ruƙiyya, ko mai maganin gargajiya, ko wajen fasto. Asibiti shi ne zangon ƙarshe, bayan kuɗi sun ƙare kuma ciwo ya yi shekara.

Wasu 'yan boko suna ganin duk wannan jahilci ne da ya kamata a kawar. Wasu malamai kuma suna ganin likita ba shi da abin cewa a kan abin da ido ba ya gani. Duka ɓangarorin suna barin majinyaci a tsakiya.

Tarihin Musulunci bai goyi bayan wannan rabuwa ba. Abu Zaid al-Balkhi, malamin da ya rasu a shekarar 934, ya rubuta littafi kan gyaran jiki da rai, inda ya bambanta baƙin cikin da ke da sanannen dalili da wanda ke saukowa haka kawai daga jiki, ya ce na biyun yana buƙatar magani. Su kuma masu cewa damuwa alamar raunin imani ce, ya kamata su tuna cewa Annabi Yakubu ya yi baƙin cikin rabuwa da ɗansa har ganinsa ya tafi, kuma shekarar da Nana Khadija da Abu Ɗalib suka rasu ana kiranta shekarar baƙin ciki a tarihin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Addu'a da zikiri suna kwantar da zuciya, mai imani ya san haka. Amma ba wanda ke hana mai ciwon suga allurarsa don ana yi masa addu'a.

Kimiyya ma, a nata ɓangaren, ta gano cewa haɗa kai ya fi raini amfani. Tun 1954 Dakta Thomas Adeoye Lambo, ɗan Najeriya na farko da ya ƙware a wannan fanni, ya fara wani tsari a Aro kusa da Abeokuta: majinyata su zauna a gidajen ƙauyukan da ke kewaye tare da wani ɗan'uwansu, su riƙa zuwa asibiti da rana, ana kuma aiki da masu maganin gargajiya. Tsarin ya yi suna a duniya, shi kuma daga baya ya zama mataimakin shugaban Hukumar Lafiya ta Duniya. A 2020 mujallar likitanci ta Lancet ta buga sakamakon wani gwaji da aka yi a Ibadan da Kumasi, inda ma'aikatan ƙananan asibitoci suka riƙa kai magani da shawara wuraren masu maganin gargajiya da na addu'a. Masu taɓin hankalin da aka kula da su ta wannan hanya sun fi waɗanda ba a bi da su ta nan ba samun sauƙi bayan wata 6.

Akwai dai iyakar da babu sulhu a kanta, wato mari da bulala da horon yunwa. A watan Satumban 2019 'yan sanda suka fito da mutum sama da 300 daga wani gida a Rigasa, Kaduna, da yawansu da sarƙa a ƙafa da tabon duka a baya. Makonni kaɗan bayan haka aka gano irinsa a Daura. Yawancin iyayen da suka kai 'ya'yansu ba mugaye ba ne. Sun rasa inda za su nufa ne. Duk da haka sarƙa ba ta taɓa warkar da kowa ba.

Haƙuri da kunya

Bahaushe ya ce ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, kuma haƙuri maganin zaman duniya ne. Waɗannan ɗabi'u sun riƙe gidaje da yawa daga rushewa. Matsalar tana zuwa ne idan "yi haƙuri" ta zama hanyar rufe bakin mai magana. Matar da ta zo gida da kukan abin da ke cinta, aka ce ta koma ɗakinta kowa ma haƙuri yake yi, ta koyi darasi ɗaya: kada ta sake faɗa. Namiji kuwa tun yana yaro aka gaya masa maza ba sa kuka. Ga tsoron abin da zai biyo baya, domin gidan da aka ce akwai taɓin hankali a cikinsa, 'yan matansa kan daɗe ba su samu manema ba. Shi ya sa ake ɓoye mara lafiya a ƙuryar ɗaki har ciwon ya yi jijiya.

Abin da ke ƙarfafa ta

Mafi yawan abin da bincike ya tabbatar ba sabo ba ne, kuma ba na kuɗi ba ne. Na farko barci. Baligi yana buƙatar aƙalla awa 7, kuma lalacewar barci takan riga sauran alamomi bayyana. Goro da shayi mai kauri da kofi duk suna ɗauke da kafin, sinadarin da ke korar barci na awanni, don haka mai fama da rashin barci ya bar su tun la'asar. Waya ma haka. Bidiyon gawarwaki da ake turawa a WhatsApp da Facebook bayan kowane hari yana tayar da jiki kamar mutum yana wurin, kuma kallonsa da tsakar dare bai taɓa ceton kowa ba.

Motsa jiki na minti 150 a mako, wato tafiyar sauri ta rabin awa sau biyar, yana rage damuwa marar tsanani ƙwarai. Manomi da mai faskare sun wuce nan. Ma'aikacin ofis, da ɗan kasuwar da ke wuni a zaune, da matar da ba ta fita, su ne abin ya shafa.

Amma ginshiƙin shi ne mutane. Wani bincike da Jami'ar Harvard ta fara a 1938, tana bin rayuwar ɗaruruwan mutane har tsufansu, ya nuna cewa kyawun dangantaka yana cikin abubuwan da suka fi hasashen lafiya da kwanciyar hankali a tsufa. Ƙasar Hausa tana da arzikin wannan: majalisar ƙofar gida, sahun masallaci sau biyar, zaman makoki, biki da suna, adashin mata, doguwar gaisuwar da ke tambayar gida da gajiya da iyali. Zumunci a ƙafa yake, kuma wanda aka daina ganin ƙafarsa a inda ya saba zuwa, shi ya kamata a bi sawu. Janyewa daga jama'a alama ce, ba girman kai ba.

Zimbabwe ta nuna yadda za a mai da wannan arziki magani. Wani likita mai suna Dixon Chibanda ya horar da tsofaffin mata su zauna a kan benci a harabar ƙananan asibitocin Harare, su saurari mai damuwa, su taimaka masa ya warware matsalolinsa ɗaya bayan ɗaya a zama 6. Ba su ce masa yana da difireshan ba. Sun yi amfani da kalmar harshen Shona mai nufin yawan tunani, daidai da yadda Bahaushe ke cewa tunani ya yi wa wane yawa. A gwajin da aka buga a 2016, bayan wata 6 kusan 14 cikin 100 ne kawai na waɗanda suka zauna da kakannin ke da sauran alamun ciwon, alhali a cikin waɗanda ba su zauna da su ba kusan rabi ne. Babu unguwar da ba ta da irin waɗannan iyaye mata masu riƙe sirri. Horo kawai suka rasa.

Yaushe ne sai asibiti?

Idan ƙunci ya wuce mako 2 yana hana aiki ko ibada ko kula da yara, ko mutum ya fara jin muryoyi, ko ya yi kwanaki ba barci kuma ba gajiya, lokaci ya yi. Rikicewar da ta zo farat ɗaya tare da zazzaɓi kuwa a garzaya da ita a ranar, domin sanƙarau da zazzaɓin da ya hau ka suna zuwa da wannan kama. Ƙarancin jini da ciwon maƙoƙo ma kan yi shigar damuwa, shi ya sa gwajin jiki ke da muhimmanci.

Wanda ya ce ya gaji da rayuwa, ko gara ya mutu ya huta, a ɗauki maganarsa da gaske. Tambayarsa kai tsaye ko yana tunanin kashe kansa ba ta cusa masa tunanin. Takan buɗe masa ƙofar magana. Kada a bar shi shi kaɗai, a kawar da duk abin da zai iya cutar da kansa da shi, a kai shi ga likita. Wa'azin azabar lahira a wannan lokaci yakan ƙara masa jin cewa shi ɓatacce ne.

Magungunan damuwa ba sa aiki nan take. Sukan ɗauki mako 2 zuwa 6 kafin a ji canji, ana ci gaba da sha watanni bayan an samu sauƙi, kuma ba a yanke su rana ɗaya sai da shawarar likita. Yawan dawowar ciwo daga nan yake: an ga sauƙi, an ce ya warke, an ajiye magani. Sayen maganin barci a kemis ba takardar likita kuwa hanya ce ta sabon kamu.

A Arewa akwai asibitocin wannan fanni a Barnawa ta Kaduna, da Kware kusa da Sakkwato, da Maiduguri, da Dawanau a Kano, ban da sassan da ke asibitocin koyarwa kamar na Malam Aminu Kano da na Shika a Zariya.

Doka ta canza, saura aiki

Najeriya ta shafe fiye da shekara 60 tana aiki da dokar mahaukata ta 1958, wadda tushenta ke komawa 1916, kuma abin da ta fi damuwa da shi shi ne yadda za a tsare mutum. A watan Janairun 2023 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta amince da haƙƙin majinyaci, ta hana nuna masa bambanci, ta kuma haramta ɗaure shi da sarƙa. Dokokin da aka gada daga Turawa sun ɗauki yunƙurin kashe kai a matsayin laifin da ake ɗaure mutum a kansa. Majalisar Ghana ta soke nata a 2023, likitocin Najeriya kuma sun daɗe suna kiran a yi haka, domin tsoron 'yan sanda yana hana dangi kai mutum asibiti.

Likitoci 300 ba za su taɓa isar miliyan 200 ba, ko da babu wanda ya sake fita. Hanyar da ta rage ita ce wadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta tsara tun 2008: a koya wa nas-nas da ma'aikatan asibitocin sha-ka-tafi gane damuwa da farfaɗiya da taɓin hankali, a ajiye magungunansu masu sauƙin kuɗi a matakin ƙaramar hukuma. Wannan aikin gwamnonin jihohi ne da majalisunsu. Limamai da fastoci su ɗauki maganar zuwa mumbari, masu ruƙiyya su san alamomin da za su ce wa dangi a wuce asibiti, masu unguwanni kuma su kai rahoton duk gidan da aka ɗaure mutum a cikinsa.